Ɗakin afareto: aikin da ke bayan 'yan kallo a sinimar da

In aka taɓo hirar sinimar da a majalisar dattawan Katsina, abubuwan da ake lissafowa ba sa wuce waɗannan: layin tikiti bayan sallar isha'i, mai tsire da mai shayi a bakin ƙofa, fastar jarumi an manna a allo, fim ya tsinke ana tsakiyar faɗa, fili ya ɗauki ihu da fito. Ana kuma tuna cewa hoton yakan yi ja-ja, da wasu layuka masu zubowa kamar ana yayyafi a cikin fim ɗin, da waƙar da aka sani sarai amma aka ga ta gajarce. Yawancin mutane sun ɗauki waɗannan a matsayin halin sinima kawai, ko kuma mugunta ce ta afareto, wato mai sarrafa na'urar haska fim. Amma kowanne daga cikin abubuwan nan yana da dalilinsa, kuma kusan dukkan dalilan suna cikin ɗan ɗakin nan na sama da ke bayan 'yan kallo, mai ƙananan tagogi, inda haske ke fitowa.

Sinima ta riga ta kafu a Kano kafin ta yaɗu: an buɗe Rex a 1937, kuma 'yan kasuwa Kwarori ne suka riƙe harkar gidajen da rarraba finafinai, su ne kuma suka fara shigo da na Indiya a shekarun 1950. Kafin mutane da yawa su taɓa sayen tikiti, sun riga sun san majigi, motar gwamnati da ke zuwa da injinta ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a nuna finafinan noma da tsafta kyauta, irin su Baban Larai. Majigi da siririn fim mai faɗin milimita 16 yake aiki. Gidan sinima kuwa na milimita 35 yake amfani da shi, kuma a kansa maganarmu take.

Ginin kansa ba shi da wani sarƙaƙiya. Katanga ce doguwa ta zagaye fili, babu rufi sai ɗan na baya. A gaba akwai bango mai tsawo da aka yi wa sumunti aka shafe da farin fenti, shi ne allon. Da yake bango ne ba ƙyalle mai huda ba, ba a iya ɓoye lasifika a bayansa, sai a ɗora a ƙasansa ko a gefe. Kujerun gaba su ne masu araha, benci ko dakali, na baya masu tsada. A nan akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, don haka wanda ke zaune mita 50 daga lasifika yana jin magana a makare da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa. Mai ido yana iya ganin bakin jarumi ya riga muryarsa. Wanda ya biya kuɗi da yawa ya sami inuwa daga yayyafi da kujera mai jingina, amma in don kallo ne zalla, tsakiyar fili ta fi: ba ka ɗaga wuya kamar na gaba ba, sauti kuma bai makara maka ba.

Rashin rufi shi ke tsara lokaci. Ba a fara fim sai duhu ya kankama, shi ya sa harkar ta zama ta bayan isha'i. Daren sha huɗu ga wata, farin wata kan sauka a bangon ya wanke baƙin hoto, fim ɗin dare ya koma toka-toka. Da hunturu, hazo kan cika tsakanin na'ura da bango, sai ka ga sandar haske a sama ɓaro-ɓaro amma hoton ya dushe, don ƙurar ta cinye wani kaso na hasken a hanya. A watan Agusta kuwa kowa ya shiga da ido ɗaya a kan hadari.

Yanzu ga lissafin fim ɗin. Na'ura tana haska hoto 24 a kowace daƙiƙa. A ƙafa ɗaya ta zaren fim akwai hoto 16, ke nan ƙafa 90 ke wucewa a minti ɗaya. Fim ɗin Indiya na awa uku ya kai ƙafa 16,200, kusan kilomita biyar na zare, nauyinsa ya haura kilo 30. Ba ya zuwa a dunƙule. A nannaɗe yake zuwa cikin gwangwanaye, kowane babban naɗi yana ɗaukar ƙafa 2,000, wato kallon minti 20 zuwa 22. Wasu kwafin a ƙananan naɗi na ƙafa 1,000 suke zuwa, sai afareto ya haɗa su biyu-biyu. Fim ɗin awa uku ke nan naɗi takwas ne ko tara.

To, ta yaya ake kallon awa uku ba tare da an tsaya duk minti ashirin ba? Na'ura biyu ake ajiyewa kafaɗa da kafaɗa, dukkansu sun saita bango ɗaya. Naɗi na ɗaya yana tafiya a ta dama, na biyu yana jira a ta hagu, an riga an zura shi. Kusa da ƙarshen kowane naɗi akwai alama, ɗan ɗigo ko zobe a kusurwar sama ta hannun dama na hoton, wanda ke bayyana a hoto huɗu kacal, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Alama ta farko tana fitowa saura kimanin daƙiƙa takwas naɗin ya ƙare. Da ganinta afareto zai tayar da motar na'ura ta biyu, ta fara cinye zaren gabatarwa mai lambobin nan da ke ƙirgawa baya. Bayan daƙiƙa bakwai alama ta biyu ta fito, sai ya rufe hasken ta farko, ya buɗe na ta biyu, ya juya sauti, duk a lokaci guda. In ya ƙware, babu wanda zai san an yi wani abu. In ya ƙyafta ido ya rasa alamar farko, 'yan kallo za su ga wutsiyar fim, sannan farin bango fayau. In kuma ya yi gaggawa, sai lambobi su bayyana a allo, 3 ko 4, a tsakiyar kuka ko waƙa. A tsofaffin kwafi za ka ga kusurwar ta cika da karce-karce da huda iri-iri, domin kowane afareto da kwafin ya ratsa ta hannunsa, in ya ga alamar asali ta gutsure, sai ya karta tasa da allura. Wani lokacin alamun kan kai biyar, sai an gwada kafin a san wadda za a bi.

Gidan da na'urarsa ɗaya ta lalace, ko kuma dama ɗaya gare shi, dole ya tsaya a ƙarshen kowane naɗi. Wannan shi ne duhun minti biyu ko uku da mutane ke ɗauka fim ne ya tsinke, alhali sauyin naɗi ne.

Hasken kuma ba daga ƙwai yake fitowa ba, a tsofaffin na'urori. Sanduna biyu ne na kabon, masu rufin jan ƙarfe, suna fuskantar juna a cikin wani akwatin ƙarfe mai bututun hayaƙi. Ana ba su wuta mai tafiya hanya ɗaya ta cikin wata na'ura da ke juya wutar NEPA ko ta janareta. Afareto zai haɗa bakinsu su taɓa juna, sannan ya raba su da tazarar da ba ta wuce faɗin fensir ba, sai wuta ta yi tsalle tsakaninsu ta tsaya, fara fat, wadda ba a kallonta da ido sai ta ɗan baƙin gilashi da ke jikin akwatin. Wani madubi mai zurfi a baya shi ke tattaro hasken ya cusa shi ta ƙofar da fim ke wucewa. Matsalar ita ce sandunan suna cinyewa, kuma ɗaya ta fi ɗaya saurin ci. Akwai ƙaramar mota da ke tura su a hankali, amma ba a sakar mata ragama, sai an riƙa gyarawa da hannu duk bayan 'yan mintuna. In bakin sandar ya kauce daga mazauninsa a gaban madubi, hoto ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa. In tazarar ta yi yawa, haske ya fara rawa, sannan ya mutu, a bar 'yan kallo da sauti a cikin duhu. Wannan shi ne lokacin da ake jin waƙa tana tafiya amma babu hoto, kuma a nan kam laifin afareto ne, ko dai ya yi gyangyaɗi ko ya tsaya hira a bakin ƙofa. Masu gida kuma, don tsimi, kan sa a yi amfani da guntayen sanduna har sai sun ƙare ƙurmus. Guntun da ba zai kai minti 20 ba in aka ɗora masa cikakken naɗi, sai ya mutu a hanya.

Zura fim a na'ura shi ne abin da yaron afareto ke fara koya bayan ya ƙoshi da shara da mayar da naɗi. Zaren yana saukowa daga naɗin sama, ya hau wani gargare mai haƙora da ke kama hudojin gefe, huɗu a kowane gefen hoto ɗaya. Daga nan a bar masa ɗan lanƙwasa sako-sako, ya shiga ƙofar haske, inda wani gargaren ke fizgo shi hoto ɗaya-ɗaya, ya tsaya cak, a haska, a sake fizgowa. Wata farfela ce ke tare hasken a daidai lokacin fizgar, don kada ido ya ga motsin. A ƙasa a sake barin lanƙwasa ta biyu, sannan zaren ya zagaya wurin karanta sauti, ya tafi naɗin ƙasa. Lanƙwasan nan biyu su ne ran aikin: zaren yana tafiya sumul a sama da ƙasa amma yana tsalle-tsalle a tsakiya, su ke shanye bambancin. In ɗaya ta ɓace, sai na'ura ta hau kaf-kaf-kaf, hoto ya riƙa rawa, in ba a tsayar ba hudojin su yayyage. Abin da afareto ke yawan faɗa wa yaronsa ke nan: "Kai, juya da hannu tukuna ka ga ta zauna, kada ka ba ta wuta." Yaron da ya ce "To, Maigida" amma bai juya ba, shi ke jawo asarar ƙafa goma ta fim.

Sautin a jikin zaren yake, wani siririn layi a gefen hoton mai kama da zanen haƙoran zarto. Ƙaramin ƙwai ne ke haska shi, wani ido a ɗaya gefen ya mayar da rawar hasken ta zama wutar da ke zuwa lasifika. Da yake wurin karanta sauti yana ƙasa da ƙofar haske, ana buga sautin kowane hoto a gaba da shi da tazarar hoto 20. Shi ya sa in aka zo wurin da aka yi ɗori, hoto ne ke fara tsalle, sai bayan kusan daƙiƙa ɗaya a ji ɗas a lasifika. In lanƙwasar ƙasa ta yi girma ko ta yi ƙanƙanta, baki da murya su raba hanya. In ƙaramin ƙwan nan ya ƙone, fim ya zama na kurame. In ƙura ta toshe tsagar da haskensa ke bi, murya ta shaƙe.

Tsinkewar gaske kuwa, daga tsufan kwafi take. Kwafin da ya iso Katsina ba sabo ba ne. Ya sha kallo a wasu ƙasashen kafin ya sauka Legas, ya zagaya gidajen Kano, sannan ya hau mota ya yi tafiyar kimanin kilomita 170 zuwa nan, daga nan ma wani garin ke jiransa. Kowace na'ura da ya ratsa ta bar masa tabo. Haƙoran da suka cinye suka yi ƙugiya kan tsage hudoji. Iskar hunturu kan busar da zaren ya yi ƙaras, tsohon ɗori ya buɗe. Idan ya tsinke a ƙasan ƙofar haske, kallo na iya ci gaba na ɗan lokaci alhali zaren yana tsiyaya a ƙasa yana taruwa. Idan kuma ya maƙale a cikin ƙofar, to zafin kabon zai ci shi nan take: hoto ya tsaya cak, wani tabo ruwan ƙasa ya ɓullo a tsakiya, ya kumbura ya buɗe, bango ya yi fari. Duk wanda ya taɓa ganin fuskar bos ta narke haka a allo ba ya mantawa. Abin da ya ƙone a zahiri bai wuce girman kan sarki na wasiƙa ba.

Afareto mai hankali ba ya tsayawa ɗori a lokacin, ɗaruruwan mutane suna masa ihu. Rufe haske yake yi, ya jawo zare kamar ƙafa biyar ko shida, ya sake zurawa, ya soke bakin a naɗin ƙasa, ya ci gaba. Waɗannan ƙafafun da ya jawo su ne 'yan daƙiƙun da 'yan kallo suka rasa, suka ce an yanke musu. Ɗorin sai daga baya, a kan tebur. A yanke ɓangaren da ya lalace, a bar ɗan leɓe a baki ɗaya, a kankare fatar hoton da ke kan leɓen da reza har sai ya yi garau, a shafa ruwan ɗori kaɗan, a ɗora ɗaya bakin, a danne kamar daƙiƙa 15 zuwa 20. Ruwan ba manna zaren yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su haɗe, don haka in ba a kankare sosai ba ɗorin ba zai kama ba, in kuma aka yi yawan ruwa wurin ya lanƙwashe ya sake tsinkewa gobe. Sai kuma ƙirga hudoji. Dole a yanke a kan layin da ya raba hoto da hoto. In aka yi kuskuren huda ɗaya ko biyu, da an zo wurin sai allo ya rabu, ƙafafun jarumi a sama, kansa a ƙasa, har sai afareto ya murɗa maɓallin daidaitawa.

Kowane ɗori yana cin hoto biyu ko fiye. Farkon naɗi da ƙarshensa su suka fi shan wahala, don su hannu ya fi taɓawa kuma su ke jan ƙasa. Kwafin da ya shekara goma yana yawo zai iya rasa mintuna. Wannan ne asalin gajarcewar waƙoƙi da yawa. Ba a cewa babu afareton da ya taɓa tsallake naɗi guda don a tashi da wuri, ko ya gutsure hoton jaruma ya sayar, amma yawancin abin da aka zage su a kai, tsufa ne ya yi shi. Guntayen da aka zubar kuwa ba su tafi a banza ba. Yara kan tsince su, su sami kwali, su fasa gindin mataccen ƙwan lantarki su cika shi da ruwa ya zama gilashin ƙara girma, su haska da tocila ko su jawo rana da madubi, ga sinima a zaure.

Layukan nan masu kama da yayyafi karce ne. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a ƙofar haske, za ta ja layi tun daga farkon naɗi har ƙarshe, kuma a garin da iska ke kwaso rairayi wata uku a shekara, goge ƙofar da buroshi kafin kowane naɗi wajibi ne. Mayar da naɗi ma yana karcewa. Duk naɗin da aka gama haskawa a juye yake fitowa, wutsiya a waje, sai an mayar da shi da hannu a kan tebur. Yaron da ya ga naɗi ya yi sako-sako ya ja bakin zaren don ya matse, to ya goga fim a jikin fim tare da duk ƙurar da ke tsakani. In kuma ya manta bai mayar ba gaba ɗaya, hoto zai fito a kife, yana tafiya da baya. Rikita lambar gwangwani ma na faruwa, a ga wanda aka binne ya dawo yana rawa. Jan launi kuwa ba laifin kowa ba ne a ɗakin: rinin da ke ba da shuɗi da rawaya a kwafin wancan zamani ya fi saurin koɗewa, musamman a wuri mai zafi, sai jan ya rage shi kaɗai. Akwai kuma finafinai masu faɗin allo da ake matse hotonsu a zare, sai an ɗaura wani gilashi na musamman ya buɗe shi ninki biyu. Ranar da aka manta da gilashin, kowa a fim ɗin dogo ne siriri.

Tsoron wuta a ɗakin afareto yana da tushe. Zaren fim na farko, mai sinadarin naitiret, yana kamawa da wuta kamar fetur kuma ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Gobarar sinimar El Duniya a Kano a watan Mayun 1951 daga ɗakin na'ura ta tashi, ta ci rayuka 331, kuma ta ƙara wa sinima baƙin jinin da take da shi a wurin malamai da iyaye. A daidai wannan lokacin ne masana'antu suka koma yin zaren da ke narkewa maimakon ya kama da wuta, sai dai tsofaffin kwafi sun ci gaba da yawo shekaru bayan haka.

Abin da ya kashe wannan sana'a ba abu ɗaya ba ne. Bayan an karya darajar naira a 1986, sayo sabon kwafi da sandunan kabon da kayan gyara daga waje ya yi tsada, gidaje suka koma maimaita tsofaffin finafinai. Bidiyo ya shiga gidaje, ya kai fim har ɗakin matan aure waɗanda dama ba sa zuwa sinima. Daga 1990, da Turmin Danya ya fito a Kano, finafinan Hausa a kaset suka riƙa zuwa, ba a zare ba, don haka gidajen da suka rage suka sayi na'urar haska bidiyo, wadda hotonta a ƙaton bango bai kai na tsohuwar na'ura haske ba, kuma ba ta buƙatar mai ƙirga hudoji.

Har yanzu akan ci karo da gwangwanayen fim a tsofaffin shaguna da ɗakunan ajiya. Wanda ya samu, kada ya nemi haskawa, don busasshen zare a tsohuwar na'ura yayyagewa zai yi. Ya buɗe a inuwa, nesa da wuta da sigari, ya warware kaɗan ya duba rubutun da ke bakin zaren. In an rubuta NITRATE, ya raba shi da ɗakin da mutane ke kwana. In an rubuta SAFETY, ya sansana: tsami mai kama da na ruwan binega alama ce zaren ya fara ruɓewa, kuma tururinsa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi, sai a ware wannan gwangwanin daban. Sauran a jera su a kwance, kada a tsaye, a wuri mafi sanyi da bushewa a gidan, ba a ƙarƙashin kwano ba, a kuma rubuta a jikin kowanne abin da ke rubuce a zaren gabatarwarsa, sunan fim da lambar naɗi.